Kununa yana kumbura gora, Hajiya ta ce giya nake haɗawa

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Tudun Jukun, nan Zariya. Wata biyu ke nan da na fara koyon kunun zaƙi da kindirmon garin madara, da niyyar in na ƙware in riƙa ɗurawa a gora ina sayarwa kafin azumi ya kama. Amma abin ya ƙi ni. Wata rana kunun ya yi kauri kamar koko, babu zaƙi ko kaɗan. Wata rana ya yi daɗi da safe, kafin la'asar ya yi tsami, gorunan duk sun kumbura. Juma'ar da ta wuce ɗaya ta yi bindiga a kicin ta wanke mini bango. Surukata Hajiya ta shinshina ragowar ta ce wannan ai giya ce, maigida kuma ya ce in dakata sai an tabbatar. Kindirmon kuwa ko dai ya ƙi kamawa, ko ruwa ya kwanta a samansa, sau ɗaya ma har yauƙi ya yi. Na kuma ga a waya ana haɗa lemon citta da yake yin gas da kansa, ina son gwadawa. Shin giya nake haɗawa ban sani ba? A ina nake kuskure?

Amsa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Mu fara da maganar Hajiya, tunda ita ce ta tsayar da sana'ar. Hancinta bai yi ƙarya ba. Gorar da ta kumbura har ta yi bindiga, abin da ke cikinta ya kama hanyar giya, ko da bai isa can ba. Kunun da aka tace da asuba aka sha da hantsi kuwa, kunu ne irin na kowane gida daga Ƙofar Doka har Samaru. Abin da ya raba su huɗu ne kawai: sa'o'i, zafi, sukari da murfi. Ruwa ba ya tsami banza.

A cikin ƙullunki akwai ma'aikata iri biyu da ido ba ya gani. Tare suke zuwa, a jikin hatsi, a hannu, a bokiti, a injin markaɗe. Na farko su ne bakteriya masu kawo tsami. Suna cin sukari su mai da shi tsami irin na nono, su ne suke ba koko da kindirmo ɗanɗanonsu, kuma tsamin nan nasu shi ke hana ƙwayoyin cuta da yawa samun wurin zama. Waɗannan naki ne. Na biyu yis ne, dangin wanda ake sa wa fanke da burodi. Shi idan ya ci sukari abu biyu yake bayarwa, kusan raba daidai: iska da barasa. Wasu daga cikin masu tsamin ma suna ɗan fitar da iska, amma wadda take sa gora ta yi tauri kamar tayar keke yawanci aikin yis ce, kuma inda ya bar iska ya bar barasa.

Ga lissafin da ya kamata ki riƙe. Duk giram 17 na sukari da yis ya cinye a cikin lita ɗaya, yana barin barasa kimanin kashi 1 cikin 100. Kunun sayarwa yakan ɗauki giram 50 zuwa 60 na sukari a lita, ban da zaƙin da hatsin ya bayar. Daga safe zuwa la'asar yis ba zai cinye wannan duka ba, ɗan abin da ya ci ne ya fasa miki gora, don giram 7 ko 8 a lita sun isa su sa roba ta yi tauri. Amma a bar shi kwana biyu ko uku a zafin Maris, labari ya canja. Masu burkutu ba wani sirri suke da shi ba: dawa ce, da tsiro mai yawa don sukari ya yawaita, da ragowar tsohon haɗi mai cike da yis, sai kuma kwanaki.

Hukunci na malamai ne, Zariya kuwa ba ta rasa su, maigida ya tambaya. Abin da za mu iya tuna miki shi ne hadisin Ibn Abbas da ke cikin Sahihu Muslim, cewa ana jiƙa wa Manzon Allah (SAW) zabibi, ya sha a ranar, ya sha washegari, har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura a bayar ko a zubar. Wato jiƙo halal ne amma yana da wa'adi. Kunu mai sukari a rufaffiyar gora wa'adinsa bai kai haka ba, don shi ya riga ya kwana yana aiki kafin ki ɗura.

Yanzu kunun kansa. Ki daina gwaji da mudu biyu ko uku, asarar ta yi yawa. Ki ɗebi gero kofi 4, wato kimanin giram 800. Ki tsince, ki rege tsakuwa, ki zubar da duk wanda ya taso saman ruwa. Hatsin da ya yi fumfuna ko yake warin rumbu kada ki saya komai arharsa, don gubar fumfuna ba ta mutuwa da tafasa. Irin shuka da aka barbaɗa wa hodar magani kuwa ko kusa da kicin kada ya zo. Ki jiƙa da ruwa ninki biyu. A bazara awa 8 zuwa 12 sun isa, a hunturu ki bar shi 18 zuwa 24, kuma duk jiƙon da zai wuce awa 12 a sauya masa ruwa sau ɗaya. Alamar ya jiƙu, ƙwayar ta murƙushe tsakanin yatsu biyu ba gardama. Idan ruwan ya fara wari maimakon ƙamshin tsami, kin makara.

Ki wanke shi sau biyu, ki zuba busasshiyar citta kamar yatsa uku, kanumfari 8 zuwa 10, masoro rabin ƙaramin cokali. Dankalin Hausa kuma ɗanye, matsakaici guda ɗaya, kamar giram 200, ki fere ki yayyanka, amma ki ajiye shi daban. Ki raba geron gida huɗu. Gida uku a markaɗa su da kayan ƙamshi, gida ɗaya a markaɗa shi da dankalin. Wurin markaɗe nan ne da yawa suke kwaso matsala ba su sani ba. Injin da ya wuni yana niƙa waken ƙosai da tattasai, ragowar da ta maƙale a haƙoransa tun jiya ita ce take fara shiga bokitinki. Duk lokacin da kika je, ki sa a ɗauraye injin a gabanki, ki tafi da ruwanki, kada a yi miki da na duron da ke wurin.

Babban kason ki sa shi a roba mai faɗi, kaurinsa kamar na ƙullun koko. Ki tafasa ruwa lita 3 sai yana ɓararraka, ki sheƙa a kai gaba ɗaya kina juyawa da muciya. Zai yi kauri, launinsa ya sauya daga fari zuwa toka-toka mai sheƙi. Idan bai yi kauri ba, ruwan bai tafasa da kyau ba ko ƙullun ya yi ruwa, sai ki ɗora a wuta ki yi ta juyawa har ya nuna. Wanda bai nuna ba shi ne kunun da yake kwanciya fari fat a gindin gora, a baki kuma a ji gari-gari.

Nan ne inda kunun naki mai kauri ya samo asali. Zaƙin da ya sa ake kiransa kunun zaƙi ba na sukari ba ne tun farko. A cikin ɗanyen dankali akwai wani sinadari da yake yayyanka dafaffen sitaci ya mai da shi sukari. Yana aiki sosai a zafin digiri 55 zuwa 65 na ma'aunin Salshiyas, amma da zafi ya haura 75 zuwa 80 sai ya mutu, kuma ba ya dawowa. Wadda ta juye kason dankalin a kan damun da yanzu aka sheƙa wa tafasasshen ruwa ta dafe shi, koko za ta samu. Wadda ta bari ya huce sarai, sinadarin zai yi aiki a hankali, masu tsami su riga shi, kunu ya yi tsami ba zaƙi. Saboda haka ki jira damun ya sauko wajen digiri 65. In babu ma'aunin zafi, ki ɗiba a ludayi ki kurɓa: ya zama kamar shayin da ake iya kurɓa kaɗan-kaɗan ana hurawa, ba wanda ke ƙona leɓe ba, ba kuma wanda za a iya kwankwaɗa ba. Ga wannan adadin yakan ɗauki minti 15 zuwa 25 ana juyawa. Sannan ki zuba kason dankalin ki gauraya sosai.

Ki tsaya ki kalla, don idonki zai ba ki amsa. Cikin minti 20 zuwa 30, damun da muciya ke tsayawa a cikinsa zai tsinke ya koma ruwa-ruwa, in kin ɗaga muciyar ya zubo kamar madara. Ki lasa, za ki ji zaƙi-zaƙi alhali ba ki sa komai ba. Idan awa ɗaya ta wuce yana nan da kaurinsa, ki markaɗa wani ɗanyen dankalin ki ƙara tun da sauran ɗumi. Dankalin Turawa ba ya wannan aikin, dafaffen dankali ma haka, busasshen da ya shekara a buhu kuma ƙarfinsa ya ragu. Wasu suna amfani da tsiron shinkafa, kuma ya fi dankali ƙarfi: shinkafa mai ɓawo wadda ba a turara ba, a jiƙa kwana ɗaya, a baza a jiƙaƙƙen buhu kwana 3 ko 4 har ta tsiro, a shanya. Tsiron dawa shi ma yana yi, amma saiwarsa da kan tsiron suna da guba, dole bayan shanya a murje a sheƙe su. Mu dai a ganinmu mai koyo ta tsaya a dankali. Tsiro yana ba da sukari mai yawa, sukari mai yawa kuwa liyafa ce ga yis.

Ki rufe da faifai ko tsaftataccen ƙyalle, ba murfi mai kamawa gam ba. Tsawon kwanciyar ya danganta da wata. A Maris da Afrilu, lokacin da rana ke haura digiri 35, awa 6 zuwa 8 sun isa. A sanyin Disamba da Janairu yakan nemi 10 zuwa 12. Maganar "a bar shi ya kwana" da kowa ke faɗa ita ce take cutar masu koyo, don wadda ta dama bayan la'asar ta tace da ƙarfe takwas na safe ta ba shi awa 16. Ki dama bayan isha'i ki tace da asuba. Na buɗa-baki kuma a dama bayan asuba a tace bayan azahar. Abin da kike nema tsami kaɗan a bayan harshe da ƙamshin citta. Kumfa tana tasowa tana fashewa da kanta, da wari irin na ƙullun fanke da ya wuce lokaci, alamar yis ya karɓi ragama.

Ki tace da ƙyallen tata, ki tsinka da ruwan da aka tafasa ya huce har ya kai lita 5 zuwa 6. Ɗanyen ruwan rijiya ko na 'yan garuwa a wannan matakin yana rushe duk tsaftar da kika yi a baya. Sukari shi ne na ƙarshe, kofi ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma ya fi kyau ki narkar da shi a ɗan ruwa ki tafasa tukuna. Kada ki taɓa sa sukari da dare kafin kwanciya. Kada kuma ki sa wa duka in ba duka za a sayar yanzu ba.

Daga lokacin da sukari ya shiga aka murɗa murfi, agogo ya fara bugawa. Sanyi ne kaɗai ke riƙe shi. A firij mai sanyin ƙasa da digiri 5 kunu yakan yi kwana 2 ko 3 lafiya, amma sanyi kwantar da yis yake yi, ba kashe shi ba, ana ɗauke wuta na wasu awoyi ya farka ya ci gaba daga inda ya tsaya. Tunda wutar tamu sai a hankali, ki dogara da kula da ƙanƙara: gorunan a jere, ƙanƙara a fasa a cusa tsakaninsu da samansu, a rage buɗe kular. Kada ki jefa ƙanƙarar saye a cikin kunun, ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba. Tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, dabarar da malamin nan na Jigawa Mohammed Bah Abba ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000, tana rage zafi sosai a lokacin rani, kuma ta fi ajiyewa a kan kanta, sai dai ba ta kai sanyin firij ba. Za ta ƙara miki awoyi, ba kwanaki ba. Inda babu sanyi sam, kunun yau na yau ne.

Akwai wata dabara kuma: bayan tata da sukari, ki ɗumama kunun a tukunya zuwa digiri 60 ko 65, ki riƙe shi a nan minti 30 kina juyawa, sannan ki tsoma tukunyar a ruwan sanyi ya huce da sauri. Wannan yana kashe mafi yawan yis ɗin. Amma sai da ma'aunin zafi, don in ya wuce haka gasarar da ba ta dahu ba za ta kama, kunu ya koma koko. Ma'aunin girki ba shi da tsada, kuma a wannan sana'ar ya fi blanda amfani.

Goruna ma suna da nasu laifin. Wadda aka taɓa ɗura kunu a cikinta, yis yana nan a zaren murfi da lungun gindi. Ki wanke da sabulu da burushin gora, ki jiƙa su da murafensu minti 10 a ruwa lita 4 da aka sa wa bilic, wato ruwan nan na wanke farin kaya, babban cokali ɗaya, ki ɗauraye da dafaffen ruwa, ki kife su bushe. Tafasasshen ruwa yana lanƙwasa robar, kada ki gwada. Sababbin goruna sun fi in da hali. Ki bar sararin yatsa biyu a wuya. Bokitin fenti, bokitin ƙarfe mai ruwan tutiya da tukunyar alminiyam ba wurin kwanar abu mai tsami ba ne, tsami yana cin jikinsu. Roba ta abinci, silba marar tsatsa ko ƙwarya mai tsafta. Hodar hana lalacewa da ake sayarwa a kasuwa kuma kada ki zuba da ka, tana da ƙa'idar awo, kuma ba ta gyara abin da ya riga ya fara kumfa. Ranar da sana'ar ta kai ki manna takarda mai suna a gora kina kai wa shaguna, wannan maganar rajistar NAFDAC ce.

Kindirmo ya fi kunu sauƙi, don a nan ke ce kike zaɓar ma'aikatan da kanki. Kofi ɗaya na garin madara mai cikakken mai, kofi uku na ruwa. Ki fara kwaɓa garin da ɗan ruwa kada ya yi gudaji, ki ƙara sauran, ki ɗora a wuta kaɗan har ya kai wajen digiri 85, lokacin da tururi ke tashi ƙananan kumfa suna zagaye bakin tukunya amma bai tafasa ba. Ki riƙe shi a haka minti 10. Wannan zafin yana tsabtace madarar, kuma yana sa ta kama da kauri. Ki sauke ta huce zuwa 43 ko 45: ki tsoma wankakken ɗan ƙaramin yatsa, in kin iya ƙirga goma da ɗumi mai ƙarfi amma ba ƙuna, ta yi. Iri, wato ɗan kindirmo ko yogot da ya riga ya kama, babban cokali biyu ga kowace lita, a dama shi da ɗan madarar a kofi sannan a juye. Ki rufe, ki sa a kular abinci ko ki naɗe da bargo, ki ajiye inda ba mai taɓawa awa 6 zuwa 8. A hunturu ki jingina gorar ruwan ɗumi a gefensa, kuma zai iya neman awa 10 ko fiye. Da ya kama, in kin karkata robar ya motsa gaba ɗaya kamar dafaffen ƙwai mai laushi, sai firij. Sukari da kayan ƙamshi bayan ya yi sanyi.

Ƙin kamawa sababinsa sanannu ne. Ko an sa iri madarar na da zafi ya mutu, ko wurin ya yi sanyi, ko irin matacce ne tun asali. Yogot na kwali da ke zaune a kanta wata da watanni ba firij, an dafa shi bayan ya kama, babu mai rai a ciki. Ki nemi marar sukari na cikin firij, ko kindirmo mai kyau na ranar daga mai nonon da kika yarda da ita. Wanda aka tsinka da ruwa ko ya kwana biyu a ƙwarya ba ya iri. Ki kuma lura da madarar awo: wata an cire mata man shanu an sa na itace, tana kamawa amma ba ƙarfi, wata kuma hodar sa shayi ya yi fari ce kawai, ba za ta taɓa kamawa ba. In ɗanyar madarar shanu kika samu daga rugagen wajen Shika ko Giwa, tafasa ta wajibi ne saboda tarin fuka da cutar bakkale da ake ɗauka daga shanu, kuma madarar saniyar da aka yi wa allurar kashe ƙwayoyin cuta kwanan nan takan ƙi kamawa, don maganin yana kashe irin.

Ruwan da ke kwanciya a sama ba lalacewa ba ce. Ya daɗe fiye da kima, ko an girgiza shi yana cikin kamawa, ko iri ya yi yawa, ko madarar ta yi ruwa. A tsiyaye ko a gauraya. Yauƙi kuwa yawanci daga tsohon iri ne da aka yi ta juyawa, ko kamawa a wuri mai sanyi, ko ludayin da bai wanku ba. Ki ɗebi irin gobe da tsaftataccen cokali tun kafin a taɓa sabon kindirmon, ki ajiye a firij, kada ya wuce kwana 5, kuma bayan juyi 4 ko 5 ki sayi sabo. Mai yauƙi da wari, mai ɗaci, mai kumfa, ko mai ɗigon launin ruwan hoda, kore ko baƙi, a zubar gaba ɗaya, ba a kwashe sama a sha ƙasa.

Sai lemon citta mai gas. Abin da kike gani a waya shi ne a gurza citta da ɓawonta, a sa sukari da ruwa a kwalba, a riƙa ƙara musu kullum kwana 5 zuwa 7 har kumfa ta taso, sannan a zuba wannan a lemo a rufe. Kiwon yis ke nan da gangan. Babu hanyar da gas zai fito da kansa a gora ba tare da barasa ta fito tare da shi ba. In an tsayar da shi da sanyi daidai lokacin da gorar ta fara tauri, barasar takan tsaya wajen rabin kashi ɗaya cikin 100, amma ke ba ki da abin aunawa, wuta ba ta da tabbas, kuma mai saye zai iya barinsa a mota. Kombuca da ake yi da shayi ita ma da yis a cikinta. A gidan da maganar giya ta riga ta taso, kuma masu azumi kike son sayar wa, shawararmu ki bar shi. A kwalbar gilashi ma haɗari ne na gaske, tana tarwatsewa. In gas ɗin kike sha'awa, ki gurza ɗanyar citta giram 150, irin ta Kachia mai yaji, ki tafasa da ruwa lita ɗaya da sukari kofi ɗaya minti 15, ki tace, in ya huce ki matse lemon tsami uku. Kashi ɗaya na wannan, kashi huɗu na ruwan soda na kanti, a haɗa lokacin sha.

Tunda sayarwa za ki yi, za a tambaye ki zoɓo da kunun aya. Su ba a barinsu su yi tsami, duk tsami ko kumfar da ta zo daga baya lalacewa ce. Zoɓo yana da tsaminsa na asali, yana ɗan jurewa, amma abarba da sukarin da ake sa masa suna kiran yis. Kunun aya ya fi kowa saurin mutuwa, ba shi da tsamin da zai kare shi, a zafi awa 3 ko 4 sun isa ya juya. Daga tata sai ƙanƙara.

Ki samu ƙaramin littafi. Duk haɗi ki rubuta awon hatsi, awoyin jiƙo, lokacin da kika zuba kason dankali, lokacin tata, da yadda garin yake ranar. Kuma abu ɗaya ake sauyawa a kowane gwaji. Wadda ta canja gero zuwa dawa, ta ƙara dankali, ta rage awoyi duk rana ɗaya, ko ya yi kyau ba ta san dalili ba.

Game da maigida da Hajiya, kada ki tsaya musu, ki nuna musu. Ranar da kika yi sabon haɗi, ki kai wa Hajiya kofin farko da zarar kin tace, ta shinshina ta kurɓa. Sannan ki ɗura gora biyu daga wannan kunun bayan kin sa sukari, ki cire murafen, ki ɗaura balan-balan ta yara a bakin kowacce. Ɗaya a cikin ƙanƙara, ɗaya a kan kanta a kicin, ki rubuta lokaci. Ta ƙanƙara za ta wuni a kwance. Ta kanta za ta fara miƙewa, kuma awar da ta fara ita ce iyakar kununki a wannan yanayin. Ki rage awa biyu daga ciki, ki gaya wa maigida cewa duk gorar da ta kai wannan lokaci a waje ba za a sayar ba, ba za a sha ba. Ki maimaita gwajin in yanayi ya sauya, don amsar Janairu ba ita ce ta Afrilu ba.

Gorunan da suka riga suka kumbura kuma, ki sa su a ƙanƙara su yi sanyi tukuna, ki fita da su tsakar gida, ki rufa tsumma a kan murfin, ki juya bakin nesa da fuskarki da yara, ki murɗa kaɗan-kaɗan iskar ta fita, ki tuttular a makwarara.